Yadda za a auna ko Najeriya na rage dogaro da man fetur

A zaman da muka yi kan wannan batu, shawarar da kusan kowa ya amince da ita ita ce kada a tsaya kan alkawari. A taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo da ke Birtaniya a 2021, shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya yi alkawarin cewa nan da 2060 ƙasar za ta daina ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi a watan Nuwambar shekarar. Abin dubawa shi ne nawa aka ware a kasafi, nawa kuma aka saki.

An fi daɗewa kan iskar gas da ake ƙonawa a Neja Delta. Tun 1984 doka ta hana ƙona ta ba da izini ba, amma har yau wutar na ci dare da rana kusa da gonakin mutane. Ni ma a nan na fi ganin za a gane ko da gaske gwamnati take.

Wani ya ce a leƙa kasuwa. Bayan cire tallafin mai a 2023, mai shagon da ya kashe janareto ya ɗora sola a kwanon rufinsa, tsada ce ta kore shi, don haka kada a lissafa wa gwamnati wannan. A lissafa mata madatsar Zungeru mai megawat 700, amma a tambaya ko wutarta na isa gidaje.

Sai kicin. Muddin mata na girki da icce da gawayi, dazuzzukan Arewa za su ci gaba da ƙarewa, saboda haka farashin tukunyar gas ma ma'auni ne.