Hoton harbe Sarki Maksimiliyan na Meksiko: yaya za a buga shi a sa a firam ya jure zafin Sakkwato?

Malamin Tarihi, Mabera:
Assalamu alaikum. Ana son rataya zanen da Manet, mai zane ɗan Faransa, ya yi na harbe Sarki Maksimiliyan a ɗakin karatun wata sakandare a nan Sakkwato, saboda darasin mulkin mallaka. Wane kwafi ya kamata a nema, wane girma za a buga, kuma me zai hana shi koɗewa?

Ɗan Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam. Zanen ba ɗaya ba ne. Manet ya maimaita shi tsakanin 1867 da 1869. Na farko yana Boston, layukansa ba su fito sosai ba. Na Landan yanka-yanka ne da aka sake haɗawa, Sarkin ma hannunsa kawai ya saura. Wanda za ku nema shi ne na birnin Mannheim a Jamus, shi ne cikakke.

Don Allah a sa ɗan bayani a ƙasansa, domin hoton shi kaɗai yana iya ɓatar da ɗalibi. Maksimiliyan ƙanen Sarkin Ostiriya ne, Napoliyon na Uku na Faransa ya ɗora shi kan karagar Meksiko a 1864 da bakin bindiga. Da Faransa ta janye sojojinta, sai dakarun Shugaba Benito Juarez na Meksiko suka kama shi a birnin Keretaro, aka harbe shi ranar 19 ga Yuni, 1867, tare da janar biyu, Miramon da Mejia. Manet bai je wurin ba, daga rahotannin jarida ya zana, kuma da gangan ya sa wa masu harbin kaki mai kama da na sojan Faransa. Sojan da ke gefen dama yana gyara bindiga ma fuskarsa ta ɗauko ta Napoliyon. Wato yana nuna wanda ya kai mutumin ya baro shi. Shi ya sa hukumar Faransa ta hana a nuna zanen.

Mai Firam, Tsohuwar Kasuwa:
Malam, asalin zanen ya kai kusan santimita 252 a tsaye, 305 a kwance. Don haka a buga 50 da 60. In aka matsa shi cikin A2, ko dai a yanke sama ko ƙasan hoton, ko mutanen su baje su yi faɗi. Fayil ɗin kada faɗinsa ya gaza fiksel 3,500, kuma kada a tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, yana rage masa kyau. A kai a filas.

A guji fileks na fosta da laminatin mai zafi, kumfa yake yi ya ɓare. Takarda mai kauri marar sheƙi, da tawadar figiment, ita ke daɗewa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne manna takarda jikin gilashi. Da damina danshi kan taru a ciki, hoton ya like, ranar da aka buɗe ya sale. A yanka kwali mai taga, faɗin gefensa santimita 5, a sa tsakaninsu. Gilashi milimita 3 ya isa. Takardar a kama ta daga sama kaɗai, wuri biyu, don ta samu wurin miƙewa da zafi. In aka shafe bayanta da gam sai ta yi tudu-tudu. Salatif kuwa tabo rawaya yake bari. Kada filawud ya taɓa bayan hoton kai tsaye, a raba su da farin kwali, sannan a like gefunan baya huɗu da tef na takarda saboda ƙurar hunturu. Katako a nemi busasshen madaci, ɗanye yana buɗe kusurwa kafin bazara ta wuce.

Hajiya Mai Laburare:
Ƙari kaɗan kan wurin ratayewa. Ban da bangon da ke kallon taga, ban da bangon yamma da ke shan ranar la'asar, da wanda ke tsotsar ruwa, don nan gara da fumfuna ke bi. A huda bango wuri biyu a sa sukuru, ƙusa ɗaya tana barin firam ya karkace. A manna ɗan roba a kusurwoyin ƙasa na baya don iska ta ratsa. Wajen gogewa, a jiƙa tsumma kaɗan, kada a fesa ruwa kan gilashin, yana gangarawa ciki.

Tunda hoton mutane ne, in ana yin sallah a ɗakin, kada ya kasance ta gabas, kuma a sanar da shugaban makaranta tun kafin a kai wa mai bugawa.