Musayar waƙa: abokai huɗu a dandamalin Kezon Siti

Ɗalibin Manila:
Salamu alaikum 'yan zaure. Abokan ajinmu 'yan Filifin sun ja ni wani ƙaramin ɗakin wasan kwaikwayo a Kezon Siti, birnin da ke maƙwabtaka da Manila. Wasan barkwanci ne kan abokai huɗu da suka yi jami'a tare, suka sake zama a teburi ɗaya bayan kowa ya manyanta. Rabi da harshensu na Tagalog rabi da Turanci, na kusa da ni yana raɗa min inda ya kuɓuce. Bismillah:

Na je kallo don in yi dariya,
Na dawo gida da tunanin zumunci.

Su huɗu ne, makaranta ta haɗa su,
Duniya ta raba su wurin neman abinci.

Ɗaya nas ce, daga Riyad ta sauka,
Da kwalin tsaraba, da gajiya, da ƙunci.

Kowa kallon banki yake yi mata,
Ba mai tambayar ko tana samun barci.

Ɗaya ya ci bashin peso tun tuni,
In an taɓo zancen sai ya juye Turanci.

Suka karɓe makirufo suna ta rerawa,
Don kar a furta magana mai ɗaci.

Ɗaki ya kaure da tafi da shewa,
Ni ko mu na hango cikin barkwanci.

Ɗan Kurmi:
Yaro, an tura ka karatun likita,
Ka ɓige da kallon 'yan shashanci.
Tsohonka ya sai da gona da shanu,
Ka aiko masa baiti maimakon magani?

Ɗalibin Manila:
Yaya, likitan da bai san mutum ba,
Allura ya sani, bai san likitanci.
Kai ne abokai ke gudun kiranka,
Tun da ka mai da gaisuwa kasuwanci.

Gimbiyar Zazzau:
Allah ya ƙara basira, ƙanena! Wannan ko a gaban sarki. Bari in ɗora maka:

Bakano in ya ce da kai "ina gajiya",
Lissafi yake, ba don aminci.
Ko gaisuwar mutuwa ya je yi,
Sai ya taya tabarmar da ya zauna, don son cinikanci.

Ɗan Kurmi:
Bazazzagiya, ke wa ya kira ki?
Kowace gardama sai kin yi alƙalanci.
Digiri uku, tukunya ba nama,
Miyar gidanku dogon Turanci.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata. Ɗan Kurmi, amsa-amon zaren nan "ci" ne, kai ka rufe da "magani". Sannan ka maimaita "Turanci" da yaron ya riga ya kawo, kuma maimaita kalmar ƙafiya, wato amsa-amo, kusa-kusa aibi ne. Hajiya Gimbiya, ɗangonki na ƙarshe ya yi tsawon da sai an huta a tsakiya, kuma "cinikanci" ƙagar ta kika yi. Kai kuma ɗana, ma'ana ta yi, amma a wane kari ka gina? A cikin ma'aunan waƙa na aruli na gwada Mutadarik, na gwada Kamil da Rajaz, ba wanda ya ɗauka.

Ɗan Damagaram:
Malam, waƙa kunne ke auna ta,
Ba a kai ta sikeli kamar su albasa.
Makaɗin da ya sa sarki ya miƙe,
Bai san Kamil ba, ya dai iya Hausa.

Malam Mai Aruli:
Makaɗi yana da ganga, ita ke riƙe masa kari. Kai da ka zo da alƙalami, me ke riƙe maka? Ka kuma sauya ƙafiya ba sallama.

Gimbiyar Zazzau:
Ɗan Damagaram ya gama magana. Malam, a rubuto mana ko baiti guda mu gani.

Ɗalibin Manila:
Malam, Allah ya gafarta, su ma nan suna da irin musayarmu. Balagtasan suke ce mata, muhawara ce a waƙe, an fara ta a Manila a 1924, an sa mata sunan mawaƙinsu Francisco Balagtas. Har alƙali ake sawa a tsakiya. Tsohuwar waƙarsu ta awit gaɓa 12 ce a kowane ɗango, ƙirga suke yi.

Malam Mai Aruli:
To ɗangonka na farko gaɓa 10 ne, na biyu 12, ko a can ma bai tsira ba. Mu kuma nauyin gaɓa muke dubawa, doguwa da gajera.

Uwar Biyu:
Sai yau na ga zaren, an cika shi da sikeli. Ɗana, baitin nas ɗin nan ya sa ni ajiye waya. Na yi aikin jinya tare da 'yan Filifin a Jidda. Wata abokiyar aikina kwali take ajiyewa a gefen gado, duk ƙarshen wata ta jefa sabulu, gwangwanin nama, cakulan, takalmin yara, sai ya cika ta naɗe shi da salatif a sa a jirgin ruwa don ya isa kafin Kirsimeti. Su tun Satumba suke fara shirin bikin. Ita kuwa takalmin aikinta har ya tsage tana sawa.

Na ga ta cika kwali ta rubuta sunaye,
Na ƙawaye har da na masu butulci.
Ta ce in ta daina aikawa, Hajiya,
Tsoro take kar wayar ta daina motsi.

Malam ya yi haƙuri da "motsi", haka ya zo min.

Ɗan Kurmi:
Anti, Allah ya saka. Amma yaro, kun tsaya kan mai kyauta, kun bar mai bin bashi.

Wanda ya ranta shi ma aboki ne,
Ya fidda jarinsa ya rufa asiri.
In ya yi shiru a ce ya yafe,
In ya tambaya a ce ya cika tsiya da tsari.

A wasan naku an biya kuɗin ko kuwa?

Ɗalibin Manila:
Yaya, wannan karon ka taɓo gaskiya. Ba a biya ba.

Mai bin bashi ya miƙe zai yi magana,
Sai ga ma'aikaci da takardar abinci.
Uku suka shiga lalube a aljihu,
Nas ta zaro kati don kare mutunci.
'Yan kallo na ta kiran sunayen juna,
Kowa ya gane nasa a wannan lokaci.

Ɗan Damagaram:
Malam, auna mana wannan.

Malam Mai Aruli:
Ƙafiya ta zauna, sai dai "abinci" ya dawo. Ɗango na huɗu ya fi sauran daidaito. Ɗana, ka sake gina na farko da na biyar a kan awonsa, ka turo kafin Juma'a.