Neman kalma: me za mu kira "hot rod" da aikin bodinta? Zuwa Juma'a nake so

Mai_Fassara: Assalamu alaikum. An ba ni wani shiri na talabijin in mayar Hausa, ranar Juma'a za a ɗauki murya. Wani dattijo ne a Kalifoniya ta Amurka yake tayar da Ford ƙirar 1932 wadda tsatsa ta cinye gindin ƙofofinta. Ba ya sayen komai, da guduma yake fitar da madigadi daga farantin ƙarfe. Abu huɗu suka tsaya mini: sunan motar kanta, "hot rod", yanke ginshiƙan rufi da suke kira "chop", wata na'ura, "English wheel", da cike gaɓa da narkakken ƙarfe maimakon fila. Don Allah kada a ce in bar su da Turanci, masu kallon ba kanikawa ba ne.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa: Zazzafan sanda 😂

Mai_Fassara: Na san sai an samu mai faɗin haka. Allah Ya shirye ka.

'Yar_Rediyo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ƙarshen ai babu wahala: cikon dalma. Tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 kowa ya san gubar dalma, kalmar ta zauna a kunnen masu sauraro. Sunan motar kuma ni da zan ce "tsohuwar motar tsere" in wuce.

Oga_Panteka: Tsohuwar motar tsere ba ta fito da shi ba. Wannan tun asali motar gida ce, ba don tsere kamfani ya yi ta ba. Samari ne marasa kuɗi suka riƙa sayen tsofaffin Ford da arha tun kafin yaƙin duniya na biyu, su cire madigadi da duk abin da ke da nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi busassun tafkuna irin Muroc da El Mirage su gwada gudu. Ƙungiyarsu ta auna gudu, SCTA, a 1937 aka kafa ta. Ita ta 1932 ɗin da ake rububinta, a shekarar ce Ford ya sa injin V8, mai silinda takwas, a motar da talaka zai iya saya. To dole sunan ya nuna an taɓa ta da hannu.

Malamin_Nahawu: Madalla. Abin da Oga ya faɗa shi ya kawo mu kan hanya. Tushen aikin ƙira ce, saboda haka sunanta ƙerarriya, jam'i ƙerarru. Sifa ce ƙirar gida, kamar gyararriya da dafaffiya. Mai aikin maƙerin mota, wurin aikin maƙerar mota. Daga saiwa ɗaya mun sami iyali guda, ba mu ari ko harafi ba.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa: Malam, wace mota ce ba ƙerarriya ba? Ko akwai wadda aka haifa?

Malamin_Nahawu: Ma'ana tana ƙuntata da amfani, ɗana. Jirgi ai na ruwa ne kawai kafin ya hau sama ya bi dogo.

Oga_Panteka: Ni dai ba a taɓa kirana maƙerin mota ba. Fanel bita ake ce mana daga Kaduna har Kano, kuma ba ma jin kunyarsa.

Malamin_Nahawu: Fanel bita Turanci ne da ya karye a hanya. A gareji ya wuce, amma a talabijin, gaban yaranmu?

Oga_Panteka: Allah Ya gafarta Malam, motar da ka hau ka je makaranta yau, da wane suna ka kira ta? Mota, taya, birki, giya, inji. Wanne ne kakanka ya sani? In mai Keke Napep ya goge maka ƙofa, wurin maƙeri za ka kai ta ya sa a wuta da zugazugi?

Ɗan_Damagaram: Ku dai ku yi ta faɗa a kan Ingilishi. Mu nan toliye muke cewa, daga Faransanci. In Hajiya ta ce fanel bita, rabin masu kallo a Maraɗi da Damagaram sai sun tambaya. A nan kam Malam ya fi ku gaskiya, maƙeri kowa ya san shi.

Oga_Panteka: To ku ma ai aro ne, uban gida kawai muka bambanta.

Mai_Fassara: Jama'a, ban tambayi sunan mai aikin ba. "Mai gyaran bodi" ya ishe ni. A dawo kan na'urar don Allah.

Oga_Panteka: Yi haƙuri, Hajiya. Na'urar ƙarfe ce mai siffar baka babba, da taya biyu na ƙarfe a bakinta. Ta sama faffaɗa ce shafaffiya, ta ƙasa ƙarama ce mai ɗan doro, ana sauya ta gwargwadon lanƙwasar da ake so. Babu wuta, babu lantarki. Kina matse farantin tsakaninsu ki riƙa turawa kina jawowa, inda taya ta bi ƙarfen ya ƙara faɗi ya rage kauri, gefen da ba a taɓa ba ya riƙe shi, sai tsakiya ta kumbura. Haka ake samun lanƙwasa ta fuska biyu irin ta madigadi. Kafin nan sukan bubbuga shi da gudumar katako a kan jakar fata cike da yashi, ya fito duk ƙulu-ƙulu, na'urar ta shafe su. Sannan a riƙa ɗora shi kan wani ƙwarangwal na katako mai siffar motar a ga ko ya zauna.

'Yar_Rediyo: Kamar murza taliya ke nan. Injin murza ƙarfe.

Malamin_Nahawu: Ba inji ba ne tunda hannu ke tura shi. Mamurji, a ma'aunin sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da masassabi. Kuma ya dace da ƙerarriya: maƙerin mota ya sa mamurji ya fitar da ƙerarriya. Ku ji yadda jimlar ta zauna.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa: Injin taliya ma hannu ke juya shi, Malam, ba a hana shi sunan inji ba.

Mai_Fassara: Mamurji kam ya yi mini. Gajere ne, zai shiga bakin mai magana. Na ɗauka. Saura rufin.

Ɗan_Damagaram: Sare kai.

'Yar_Rediyo: Subhanallahi, a talabijin? A'a.

Oga_Panteka: Kuma ba cire rufin ake yi ba. Ana yanke ginshiƙan ne a fitar da kamar inci 3 ko 4 daga tsakiyarsu, a sauko da rufin a yi walda, gilasai ma a rage su. Da farko don iska ta rage tare motar ne, daga baya ya zama ado. A ta 1932 da sauƙi-sauƙi don ginshiƙanta kusan a tsaye suke. A Mercury ta 1949 da suke kwance, in ka sauko da rufi ba ya haɗuwa, sai an yi ta ƙari da ragi, nan dalma take shiga da yawa. Ni zan ce rage wuya.

Mai_Fassara: Akwai kuma inda ya yanke daɓen motar ya zura bodin ƙasa ya rufe shasi. Shi ma rage wuya ne?

Oga_Panteka: A'a, wannan daban. Ki ce ya zaunar da bodi. Rufi bai taɓu ba, motar gaba ɗaya ce ta durƙusa. Game da dalmar kuma, ki kula ba zallarta ba ce, haɗi ne da kuza, galibi kashi 70 da 30. Ana tausasa ta da wuta a shafa da ɗan katako da aka tsoma a kitse, sannan a kankare da zarto. Ba a sa mata injin goga saboda ƙurar guba ce. In dattijon ya faɗi wannan kada ki tsallake.

Malamin_Nahawu: Darma dai. Dalma ta 'yan jarida ce.

'Yar_Rediyo: Duka biyun Hausa ne, Malam, kamar halshe da harshe. Mu 'yan jaridar ba daga Ingila aka kawo mu ba.

Malamin_Nahawu: Ku ne kuka cika mana kunne da "kamfen" da "taliya ta tashi da kaso kaza". A bar maganar. Ina nan kan ƙerarriya, har yanzu ba wanda ya kawo hujjar nahawu a kanta.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa: To bari in yi magana ta hankali sau ɗaya. Bahaushe ba ya raɗa wa mota suna da sifa irin ta aji. Dubi a-kori-kura, dubi a-daidaita-sahu. Abin da take yi ake kallo. Motar da aka yi don gudu a busasshen tafki, ai tada-ƙura ce.

Ɗan_Damagaram: Wannan ta yi daɗi a baki. Ko a nan za ta shiga.

Oga_Panteka: Daɗi kam akwai, sai dai ta dattijon nan ba za ta ga ƙura ba. Wanda ya shekara yana murza madigadi da hannu, a tirela zai kai ta wurin nuni. Kuma a filin gwada gudu na Bonneville da suke zuwa tun 1949 gishiri ne a ƙasa.

Malamin_Nahawu: Sannan tada ƙura tana nufin jawo rigima. Za a ɗauka motar 'yan daba ce.

'Yar_Rediyo: Ai haka ma jaridun Amurka suka ɗauke su a farko, masu tsere a titi suna damun mutane. Dalilin da wani Wally Parks ya kafa musu ƙungiyar tsere ta NHRA a 1951 ke nan, a mayar da su fili. Ma'ana biyun duk ta same su.

Mai_Fassara: To ga abin da zan kai. Farkon ambato: "hotrod, wato tsohuwar motar da aka sake wa ƙira don gudu". Bayan nan hotrod kawai, saboda sunan yana rubuce a rigar mutumin da bangon garejin, ba yadda zan ɓoye shi. Tada-ƙura zan sa ta wuri ɗaya, inda ake nuna tsofaffin hotunan tafki. Mamurji, rage wuya, zaunar da bodi, cikon dalma, duk sun shiga. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka.

Malamin_Nahawu: "Sake wa ƙira" ai ƙerarriya ce aka warware ta, aka ƙi faɗin sunanta. Ba komai. A dai rubuta mamurji daidai, kada mai karatu ya ce mamarji.

Oga_Panteka: Hajiya, in an sa shirin a faɗa mana lokaci, yarana na gareji za su kalla. Amma ko an ce mamurji sau goma, Litinin "wil" za su ce.

Ɗan_Damagaram: Ba wanda ya taɓo maganar shasi. Mu ma haka muke cewa, to na wa aka ara?