Yaya zan sa dafa shayi ya yi armashi a wasan da nake haɗawa?

Ɗan Kusugu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ina haɗa wani ɗan wasan kwamfuta da manhajar haɗa wasanni ta Godot, irin wanda za ka ɗauki jarumi ka yi ta yawo kana tara kaya kana haɗa abubuwa. A Daura na kafa labarin, tunda nan aka yanke cibiyata. Ƙira da jima sun zauna daidai, shayi ne ya gagare ni. Yadda na tsara shi, ka samo ganye da sukari da ruwa, ka danna, ƙarfinka ya ƙaru da 20. Jiya ƙanena ya gwada ya ce, "Yaya, wannan ai magani ne ka sauya wa suna." Abin ya tsaya mini a rai, don gaskiya ya faɗa. Akwai wani dattijon Buzu a layinmu, tun ina yaro nake zama gefensa bayan la'asar, yana fifita gawayi, yana ɗaga ƙaramar butarsa sama yana tsiyayawa har kumfa ta hau kofi. Wannan zaman nake so ya shiga wasan. Ta ina zan ɓullo masa?

Mai Buta, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Amsarka tana wajen dattijon nan. Ai sau uku ake dafa ganye ɗaya: na fari da ɗaci, na biyu ya sassauto, na uku zaƙi zalla. To ka raba amfaninsu. Na fari ya kore barci ga mai tafiyar dare. Na biyu ya mayar da ƙarfi. Na uku kuwa kada ya yi wa jiki komai, sai dai duk wanda ka miƙa wa ya saki jiki ya ba ka labarin da yake ɓoyewa. Wanda ya yi gaggawa ya tashi tun a na fari, ya rasa. Kuma in an bar buta a wuta ta wuce lokaci, ganyen ya lalace, a yi asararsa.

Ummu Hanan:
Ka duba wasan noman nan na kwamfuta, Stardew Valley. Can itacen shayi sai ya kwana 20 kafin ya girma, kuma a makon ƙarshe na yanayi kaɗai yake ba da ganye. Jiran ne ya sa yake da daraja. Kai ma kada ganye ya zama ana tsintarsa a hanya, a saye shi wajen fatake da tsada. Ka ƙara citta da kanumfari da na'a-na'a, kowanne da aikinsa.

Malam Na Gobarau:
Wane zamani ka ɗauka, ɗana? In na Daurama ne da Bayajidda, ba a san shayi a ƙasar nan ba lokacin. Ka gyara wannan tun da wuri.

Ɗan Kusugu:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ban yi wannan tunanin ba wallahi. Zan dawo da labarin zamanin fataken raƙuma na baya-bayan nan, rijiyar kuma tana nan. Dama ina so ruwan Kusugu ya fi kowane ruwa kyau a shayi, a ɗebe shi ranar Juma'a kaɗai don tunawa da macijin. Yaya Mai Buta, yau da dare zan fara gwada dahuwa ukun, in NEPA ta kawo wuta.