A Sauke Ta Ko A Ɗaga Ta?

Bayan Isha'i gardamar ta tashi a zauren masu mota na Birnin Kebbi, lokacin da wani matashi ya saka hoton Corollarsa ƙirar 2005, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, sababbin wili sai walƙiya suke yi.

Mai Corolla: Salamu alaikum. Ga ta nan, an gama aiki. An datse mata zobe ɗaya da rabi a kowane sifirin, na cire wili mai inci 15 na sa mai 17. Yanzu in na sha kwana kamar an manna ta da kwalta. Duk wanda ya ce motar da ke ƙasa ba ta fi riƙe hanya ba, bai taɓa tuƙa irinta ba ne.

Direban Yauri: Wa alaikumus salam. Ɗana, wace hanya take riƙewa? Ta ƙofar gidanku? Ka biyo ni Koko da damina mu gani. Mu da munka tsufa bisa hanyar ga ɗaga mota muke yi. Golf ɗina sai da anka ƙara mata sifirin na baya da roba, ko buhun albasa nawa na ɗauko daga Aliero ba ta zama.

Mai Corolla: Baba, kai kaya kake ja, ni tuƙi nake yi. Motocin tsere duk a ƙasa suke. In nauyi ya yi ƙasa mota ba ta karkata a kwana, wannan ko a makaranta an karanta mana.

Malamin Kimiyya: Karatun nan gaskiya ne, ba zan ƙi ba. Tsakiyar nauyin mota in ta sauka, karkata na raguwa. Sai dai filin tsere sumul yake kamar tabarma, babu rami, babu tudun rage gudu, babu akuya.

Oga Bakanike: Ku bari in yi magana, tunda duk wurina kuke ƙarewa. Ƙanena, abin da ka ji a kwana ba ƙarya ba ne. Sifirin in an datse shi yana ƙara tauri, shi ya sa ba ta lanƙwasa. Amma shokozobar da ke cikinsa an yi ta ne da tsawon na asali. Ka cinye mata wurin motsi. In ka faɗa rami, maimakon ta shanye bugun sai ta doki ƙarshe, tayar ta yi tsalle ta rabu da ƙasa. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin sitiyari, ba ta jin burki. Nan da wata uku ka sa hannu ta cikin tayoyin gaba, za ka ji gefen ciki ya cinye, na waje yana nan sabo, domin tsayuwar ƙafar ta karkace. An yi maka alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, bayan aikin?

Mai Corolla: Ba a yi ba tukuna, Oga.

Direban Yauri: To ka ji!

Oga Bakanike: Alhaji, kada ka yi dariya. Laifi tudu ne. Taka motar in babu kaya bayanta sai ya ɗaga kamar kunama, ga tsalle, ga fitila na haska ƙasa. Kuma wasu Golf ɗin suna da wani ɗan bawul a ƙafar baya da ke auna yadda mota ta zauna, ya raba ƙarfin burki. Da ka ɗaga ta, sai ya ɗauka babu kaya ko da ka cika ta, ya rage wa tayoyin baya burki. Na gaba kaɗai ke wahala. Sifirin ya ɗauki lodin, amma burki da taya ba su san an ƙara musu ƙarfi ba.

Direban Yauri: Shekara ashirin ina wagga hanya, Allah Ya tsare, ban taɓa kwantar da mota ba.

Hajiya Mai Kifi: Allah Ya ƙara tsarewa, Alhaji. Amma mu da muke zama baya da kwalin kifi bisa cinya mun san abin da Oga ke faɗi. In an sha kwana da lodi har bisa rufi, sai ka ji motar ta tafi gefe guda, kowa ya kama salati. Direba bai ji, shi yana riƙe da sitiyari.

Mai Faci: Ni duk ba nan hankalina yake ba. Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Yaya, tayar da ka sa 225/45 R17 ce, ko?

Mai Corolla: Ita ce.

Mai Faci: Wanda ya zaɓa maka ya yi lissafi, don tsayinta gaba ɗaya daidai yake da 195/65 R15 da ka cire, gejin gudunka ba zai yi ƙarya ba. Matsalar gefen tayar ce. Lamba ta biyu ita ke nuna tsawon gefe: kashi 65 cikin ɗari na 195 ya kai milimita 127, kashi 45 na 225 kuwa 101 ne. Wannan ɗan naman da aka rage shi ke tsakanin bakin rami da wili. Irinsu nake karɓa kullum, gefe ya kumbura kamar ƙurji, ko wili ya lanƙwashe iska na sacewa. Kumburin gefe ba ya faci, zaren ciki ne ya tsinke, sai dai a yar. Kuma ka duba mini lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT.

Mai Corolla: 2316.

Mai Faci: An ƙera ta a sati na 23, shekarar 2016. 'Yar Beljiyam ce suka wanke ta da mai. In ka ga M+S da hoton dutse da ƙanƙara a jiki, to ta ƙasar sanyi ce, robarta laushi gare ta. Ka kawo ta nan inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu, kwalta na tururi da azahar tsakanin Kalgo da Jega.

Malamin Kimiyya: Ai ma tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su. Shigowa dai suke yi.

Direban Yauri: Malam, ka san kuɗin sabuwa? Kowa na son sabuwa. In na sayi huɗu gal, me yara za su ci?

Mai Faci: Na sani, Baba, ba na ganin laifinka. To ko biyu ka samu, ka sa su baya, don in baya ya ƙwace a ruwa ba a kamo shi. Sannan ka daina ce mini in dura hamsin. Akwai takarda manne a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai, ta faɗi iskar da za a sa in babu kaya da in an cika. Ta Corolla talatin ce ko da ɗan ɗori. In ta yi yawa tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, in ta yi kaɗan da lodi gefe ya yi ta murɗuwa har ya ɗau zafi ya fashe. Lambar 91 da ke jikin taya ma'anarta kilo 615 take ɗauka, ba fiye ba. Ka lissafa albasarka.

Direban Yauri: Hamsin ɗin ta fi rage shan mai, wannan ba mai hana ni.

Mai Corolla: Ni dai har yanzu ina kan bakana, ta fi da daɗi a kwana. Akwai sifirin da shokozoba da kamfani ke yi musamman don sauke mota, ba datsewa ba. Oga, in na samo su fa?

Oga Bakanike: Wannan wata magana ce, in an haɗa su tare suna aiki. Amma tudun da ke gaban kasuwa bai san na kamfani ba ne, cikin motar zai kankare. Tsofaffin wilin naka suna ina?

Mai Corolla: Na bar wa mai shagon, ya rage mini kuɗi.

Hajiya Mai Kifi: Yi sauri ka kira shi tun bai sayar ba.

Direban Yauri: Mai Faci, ƙarfe shida na safe zan biyo, ina da lodin Jega. Ka duba mini lambar nan taku ta baya, ta hagu, ni idona bai ganin ƙananan rubutu.