Neman kalma: me za mu kira fulogin injin naitiro?

Malamin Aboabo: Salamu alaikum. Ran Asabar bayan la'asar zan koya wa samarinmu kula da ƙaramar motar rimot mai shan man naitiro (man metanol ne mai haɗin sinadarin naitiro), T-Maxx ta kamfanin Traxxas mai injin TRX 3.3. Takardar darasin za ta tafi wurin bugawa ran Alhamis. Abin da ya tsaya mini shi ne glow plug, sai kuma rich da lean na saita kafireta. A taimaka.

Masta na Suwame: Wa alaikumus salam, Malam. Rubuta fulogi. Babu makaniken da bai san shi ba a Magazin, unguwar makanikai ta nan Kumasi.

Ɗan Asawase: Masta, a gafarce ni, fulogi zalla zai ɓatar da yara. Duk wanda ya ji shi zai sa ran tartsatsi da kwayil irin na babur, wannan kuwa ba ya tartsatsi ko kaɗan. 'Yar waya ce nannaɗe a cikinsa mai haɗin filatinam. Ana ba ta wutar batir, bolt 1.2 zuwa 1.5, ta yi ja, inji ya tashi, a cire batir. Daga nan zafin ƙonewa da haɗuwar filatinam da tururin metanol su ke riƙe ta da ja har a kashe inji. A T-Maxx na'urar EZ-Start ce ke juya inji tana gasa wayar lokaci guda. Ni na ce fulogin garwashi, don wuta ce da ke kwance tana ci ba harshe.

Masta na Suwame: To a ce hita, kamar na dizal.

Ɗan Asawase: Na dizal aikinsa ɗumama inji don ya tashi. Wannan shi ke kunna mai a kowane zagaye, kuma shi ke tsara lokacin kamawar wuta. Shi ya sa ake da fulogi mai zafi, matsakaici da mai sanyi: man da ke da ƙarancin naitiro yana son fulogi mai zafi, man da ke da yawan naitiro yana son fulogi mai sanyi. A man da ke da naitiro kashi 20 cikin ɗari, a tsaya kan wanda kamfanin injin ya ce.

Baba Alhaji na Zango: Yara, me ya kai mu ga fulogi tun farko? Hausa na da ƙyastu, da shi kakanninmu suka kunna wuta kafin ashana. Ku rubuta ƙyastu. Hausar Zango ta cika da Turanci da Tuwi har mutumin Kano ya zo Kumasi yana neman tafinta, sannan mu da hannunmu mu ƙara wata a takarda?

Hajiya mai Fassara: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma fulogi ba mu muka ƙago shi ba, makanikan Kano ma haka suke faɗa, kamar yadda suke cewa totur da salansa da kafireta. Kalmar ta zauna, har jam'i tana da shi. Kuma ƙyastu tartsatsi yake yi, abin da ake so a cire wa yara daga kai ke nan.

Baba Alhaji na Zango: Kano ta yi kuskure sai mu bi? Hajiya, ke da kike fassara ya kamata ki fi kowa kishi. Yau yaro a Zango zai ce "mota ya lalace" ba wanda zai gyara masa.

Hajiya mai Fassara: Wannan Hausar tamu ce, Baba, a cikinta aka haife mu, kuma ba ta buƙatar izinin kowa. A takarda kam zan rubuta "mota ta lalace" don ɗan Nima da ɗan Zinder su karanta daidai. Kishi ba ya nufin a sa wa yaro kalmar da in ya je shago da ita za a kalle shi.

Baba Alhaji na Zango: Shago zai koya. Haka jirgin sama ya samu suna.

Malamin Aboabo: Jama'a, Alhamis na matsowa. Ɗaya batun fa?

Masta na Suwame: Wannan nawa ne. Kada a nemi kalma ɗaya, a ce mai ya yi yawa, ko mai ya yi kaɗan. Kafiretar na da allura biyu da sukuru ɗaya. Babbar allura ta gudu ce, ƙarama ta tashi daga tsaye, sukurun kuma na silo, wato juyawar inji mota na tsaye, a bar ƙofar iska kamar milimita ɗaya. Ka ɗaure allura, ka rage mai. Ka sassauta, ka ƙara. Sai inji ya yi ɗumi a fara, da babbar allura tukuna, kuma kada a wuce ɗaya bisa takwas na zagaye a taɓawa ɗaya. In mai ya yi yawa, hayaƙi zai tuttuɗo, inji na gurnani, mota ba ta da kuzari. In ya yi kaɗan, hayaƙi zai ɓace, ƙara ta yi tsini, inji ya mutu ana cikin gudu. Na biyun ne ke kashe inji, domin man shafawarsa a cikin man sha yake, babu wani tankin dabam. Rage mai, ka rage shafawa. Zafin kan inji kada ya haura digiri 130 a ma'aunin Salsiyas. Ƙaramar allura kuwa a matse tiyon mai kusa da kafireta inji na silo: ya ci gaba daƙiƙa biyu zuwa uku, ƙara ta ɗan tashi, sannan ya mutu. In ya mutu nan take, a ƙara mai.

Ɗan Asawase: Ni da na so a ce ƙoshi da yunwa.

Masta na Suwame: Yunwa na yarda. Ƙoshi a'a, yaro zai ɗauka yabo ne ya bar shi haka, fulogi ya jiƙe. Malam, ka ƙara musu uku a takardar. Sabon inji tanki biyar na farko mai na ɗan yawa, a hankali, don fistan ɗin ba shi da zobe, matsewar hannun silinda ce ke riƙe ƙarfi. Bayan wasa a zazzage tanki, a ƙone ragowar, a ɗiga man ajiya ta ramin fulogi, saboda metanol na jan danshi, damunar Kumasi kuma ba ta raga wa boris. Da hunturu, soson tace iska a wanke shi a shafa masa mansa bayan kowace awa ɗaya ta gudu. Kafin wani ya kashe sidi kan sabuwar salansa, ya fara sayen soso na biyu da fulogi biyu na ajiya.

Hajiya mai Fassara: To Malam, fulogin garwashi a ambaton farko, daga nan fulogi. Abin gasa shi kuma makunni.

Baba Alhaji na Zango: Garwashi dai Hausa ce, na bar muku rabi. Amma abin batir ɗin a kira shi ƙyastu, shi ne ke fara wutar.

Malamin Aboabo: Na gode, Baba. Fulogin garwashi ya shiga takarda, haka mai ya yi yawa da mai ya yi kaɗan. Makunni da ƙyastu zan faɗa wa yaran duka biyu ran Asabar, in ga wanda bakinsu ya kama. Saura sunan tanki biyar ɗin nan na farko. Na sa horar da inji na wucin gadi, wanda ke da wata kalmar ya kawo kafin daren Laraba.