Gobara a jirgin shaƙatawa: wa ya taɓa gani da idonsa?

Sabon-shiga, Legas: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na samu aikin kula da jirgin ruwan maigidana, irin na faiba mai injin fetur a ciki, wanda yake kai iyali da baƙi Tarkwa Bay ranar Asabar. Ni ɗan tudu ne, ban tashi kusa da ruwa ba. Shekaranjiya na ɗaga murfin wurin batir sai na ji ƙaurin roba, na taɓa wata waya na ji ta da ɗumi, alhali injin a kashe yake. Direba ya ce ba komai, haka jirgi yake. Hankalina bai kwanta ba. Duk wanda ya taɓa ganin wuta a jirgi, don Allah ya gaya mini ta inda ta fara.

Rewaya, Apapa: Wa'alaikassalam. Ƙanina, kada ka yarda da "haka jirgi yake". Waya mai ɗumi da injin a kashe, wani abu ne ke shan wuta a ɓoye. Ka cire kan batir yau, kada ka jira Asabar.

Jirgin da ya ƙone a gabana, kiɗa ne sanadi. Yaran mai jirgin suka sa aka ƙara manyan sifiku, wanda ya yi aikin ya jawo wayar gida kai tsaye daga batir, ba fis (ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa), ya bi da ita ta gefen wani ƙarfe. Jirgi kuwa kullum cikin jijjiga yake, ƙarfen ya yi ta cin robar har tagulla ta fito. Mutane na raina batir don volt 12 ba ya jan mutum, amma in wayarsa ta haɗu da ƙarfe, kafin ka ƙirga biyar ta yi jajur kamar rodi a maƙera. Daga nan soso ya kama, faiba ta kama. Hayaƙin faiba baƙi ƙirin ne, shaƙa biyu sai tari da jiri.

Fis ɗin nan kusa da batir ake sa shi, kimanin inci 7, ba can wajen sitiyari ba. Sannan iskar gishirin Legas ba ta barin tagulla. In ka ga kan waya ya yi kore-kore, wuta na wahalar wucewa, nan wurin ke ɗaukar zafi. Shi ya sa wayar jirgi daban take: silli-silli ce, kuma an shafe ta da kuza.

Baba Maigadi, bakin gaɓa: Yaro, ni ban san fis ba, amma na san fetur. Wata safiya aka ɗura wa wani jirgi mai daga jarkoki, kaɗan ya tsiyaya ciki, aka goge da tsumma. Mai tuƙin yana murza makulli sai muka ji dum! Murfin inji ya tashi sama, shi kuma ya faɗa ruwa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma hannayensa sun saɓule. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe, a jirgi kuwa kamar a kwano yake kwanciya. Tun ran nan, duk wanda zai tayar da inji a gabana sai ya durƙusa ya shinshina.

Rewaya, Apapa: Baba ya faɗi gaskiya. Akwai fankar da ke zuƙo wannan tururin, ƙa'ida a bar ta ta yi minti huɗu kafin a tayar. Direbobi da yawa ba sa haƙurin minti ɗaya. Kuma a daina sa wa injin jirgi kik ko altaneta na mota don arha. Na jirgi a rufe suke don kada tartsatsi ya fita.

Maman Biyu, Abuja: Ni tawa ta ban dariya ce yanzu, a lokacin kuwa salati muka yi ta yi. Bikin zagayowar haihuwar ƙawata muka hau jirgi a wani tafki. Wasu samari a baya suka kunna shisha, jirgi ya yi tangaɗi, garwashi ya zube kan kafet, ga jarkar mai a ƙarƙashin kujerarsu. Aka ce ina abin kashe gobara? Sai da aka ɗaga kulolin abinci uku kafin a zaro shi, aka matsa, ko tari bai yi ba, hodar ta dunƙule. Da lemon kwalba da jiƙaƙƙen mayafina aka kashe. Abin da ya fi ba ni tsoro, duk muka ruga gefe ɗaya, jirgin ya karkata. Rigunan ceto ma a ɗaure suke cikin ledarsu, sababbi fil.

Ɗan Gaya: Hajiya, da mai ne ya kama, da ruwan nan ya ƙara watsa shi. Allah ya tsare. Amma ni ina ganin masu injin rataye ba su da wannan damuwa, tunda komai a waje yake.

Baba Maigadi, bakin gaɓa: Injin ne a waje, ɗana. Tankin fa?

Ma'aikaci, Dubai: Nan yawancin manyan jiragen dizal suke sha, don haka fashewa ba ta cika faruwa ba. Matsalarmu filogin da ake jona jirgi da wutar gaɓa. Esi na aiki dare da rana saboda zafi, filogi ya saki kaɗan, gishiri ya shiga. Na taɓa zare wani da asuba na tarar bakinsa ya narke ya yi launin ƙosai. Ba wanda ya kwana a jirgin, da wuta ta ci shi da na kusa da shi. Abin da aka fara koya mana: in hayaƙi na fitowa daga ɗakin inji, kada ka wangale murfin, iska za ka ba wutar. Kashe inji, rufe mai, kashe fanka, ka fesa ta ƙaramar kafar da aka tanada. Kuma kada kowa ya yi iyo kusa da jirgin da aka jona da wuta, musamman a ruwan daɗi irin na dam, don a can jikin mutum ya fi ruwan saurin ɗaukar lantarki.

Ɗan Zango, Akra: Mu ma nan Gana, jirgin Dodi Princess da a da yake yawo da mutane a tafkin Volta, wuta ce ta cinye shi a 2012. Na hau shi sau ɗaya kafin nan, ban ko duba ina ƙofar fita take ba.

Yaya Babba, Amurka: Maganar ƙofa ta tuna mini Conception, jirgin masu nutso da ya ƙone kusa da tsibirin Santa Cruz a Kalifoniya, 2 ga Satumba 2019. Mutum 34 suka rasu a ɗakin kwana na ƙasa. Matakala da ƙofar gaggawa duka cikin falon da ke ci da wuta suke ɓullewa, kuma ba wanda ke gadin dare, ma'aikata duk barci suke. An yanke wa kyaftin ɗin hukuncin ɗaurin shekara huɗu. Bayan haka na kwana a irin wannan jirgin, na ga ana hana barin waya da kyamara a caji cikin dare. Na kwanta kusa da matakala, matata tana ta yi mini dariya.

Sabon-shiga, Legas: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na cire kan batir kamar yadda Oga Rewaya ya ce, na bi wayar da tocila. Ta famfon da ke kwashe ruwan ƙasan jirgi ce. Leda ta maƙale a makunninsa, yana ta juyi ba ruwa, kuma an haɗa wayar da salatif, wurin ya yi kore. Na nuna wa maigida hoto, ya ce a kira mai gyara. Direba dai ya daina amsa gaisuwata. Abin kashe gobaranmu allurarsa na kan ja, alamar shi ma ba lafiya.

Rewaya, Apapa: Bar shi, zai huce. Alhamis ina Ikoyi, zan biyo da fis da waya. Kafin nan kada ka mayar da kan batir, ruwan da ya taru ka kwashe da bokiti.